Yadda Ake Zaɓar Asusun Ajiya Mai Rangwamen Haraji a Kanada

Duk wanda ya fara karɓar albashi a Kanada, abin da kan fara ɗaure masa kai shi ne yawan harajin da ake yankewa kafin kuɗin ya iso hannunsa, kuma harajin bai tsaya ga albashi ba, domin ribar da ajiyarsa ta haifar ma ana karɓar kaso daga cikinta. Sai dai gwamnatin ƙasar ta tanadi wasu nau'o'in asusu waɗanda dukiya ke haɓaka a cikinsu ba tare da an taɓa ta ba, kuma huɗu daga cikinsu ne suka shafi yawancin mutane: TFSA (asusun ajiya marar haraji), RRSP (na ritaya), FHSA (na sayen gidan farko) da RESP (na karatun yara). Kafin a shiga bayaninsu, ya kamata a gane cewa kowannensu mazubi ne kawai. Buɗe asusun ba ya kawo riba, abin da aka saya a cikinsa ne ke kawo ta, ko hannun jarin kamfanoni ne, ko wani kunshi da ya haɗa kamfanoni da yawa. Mutane da dama sukan buɗe TFSA a banki su bar tsabar kuɗi a ciki shekara da shekaru, alhali tsadar kaya tana cinye darajarsa.

TFSA shi ne ya fi dacewa mutum ya fara fahimta. An soma shi a shekarar 2009, kuma duk mazaunin Kanada da ya kai shekara 18 yake da lambar SIN (lambar shaida da gwamnati ke bayarwa don aiki da haraji) yana da haƙƙinsa. Kuɗin da ake zubawa a ciki an riga an biya masa haraji, don haka ba a samun rangwame ranar sakawa, amma daga nan duk ribar da ya haifar ta mai shi ce, kuma idan ya cire ba a lissafa ta cikin kuɗin shigarsa na shekara. Kowace shekara gwamnati tana ƙara wa mutum gurbin abin da zai iya sakawa: dalar Kanada 5,000 ne a farko, ya kai 6,500 a 2023, sannan 7,000 a 2024 da 2025, kuma gurbin da ba a cike ba yana taruwa. Wanda ya cancanta tun 2009 bai taɓa saka komai ba, gurbinsa ya kai dala 102,000 a shekarar 2025.

Wannan adadi na 102,000 shi ne yake jefa sababbin zuwa cikin asara, domin sukan ji shi a bakin abokan aiki su ɗauka nasu ma haka yake. Gurbi yana fara taruwa ne daga shekarar da mutum ya zama mazaunin Kanada a lissafin haraji. Wanda ya sauka a 2023, abin da ya tara zuwa ƙarshen 2025 dala 20,500 ne kawai. Idan ya zo da kuɗin filin da ya sayar ya zuba 40,000 a ciki, to ya wuce iyaka da 19,500, kuma hukumar haraji ta ƙasar, wato CRA, tana cin tarar kashi 1 cikin 100 na abin da ya wuce a kowane wata, wato dala 195 duk wata har sai ya cire. Kada kuma a dogara kacokan ga adadin da ke shafin CRA na intanet, domin bankuna sau ɗaya a shekara suke aika mata bayani, saboda haka abin da ka saka a 'yan watannin nan ba lallai ne ya bayyana ba. Ka riƙe lissafinka da kanka a rubuce, kowace sakawa da kowace cirewa da ranarta.

Akwai wani kuskuren makamancin wannan. Abin da aka cire daga TFSA yana komawa cikin gurbi, amma sai ranar 1 ga Janairu ta shekara mai zuwa. A ce mutum ya cika gurbinsa, sai ya cire dala 5,000 a watan Yuni don aikin Hajji ko wata hidimar gida, sannan ya samu kuɗi a Oktoba ya mayar. A wurinsa bashi ya biya wa kansa, amma a wurin hukuma sabuwar sakawa ce da ta wuce iyaka. Haka nan wanda yake son sauya banki, ya nemi sabon bankin ya ɗauko asusun kai tsaye, kada ya cire da hannunsa ya kai.

RRSP, wanda ya samo asali tun 1957, aikinsa kishiyar wannan ne. Abin da ka saka ana rage shi daga kuɗin shigar da za a yi maka haraji a kai, ribarsa tana taruwa ba a taɓa ta, amma ranar da ka cire za a lissafa duka a matsayin kuɗin shiga. Gurbinsa kashi 18 cikin 100 ne na abin da ka samu ta hanyar aiki a shekarar da ta gabata, har zuwa wata iyaka da ta kai dala 32,490 a 2025, kuma ainihin adadin naka yana rubuce a takardar da CRA ke aikowa bayan ka cike bayanin harajinka. Saboda haka sabon zuwa ba shi da gurbi sai ya yi aiki ya cike wannan bayani. Ana iya sakawa har cikin kwanaki 60 na farkon sabuwar shekara a lissafa wa wadda ta wuce.

Tambayar da za ta raba maka gardama tsakanin waɗannan biyu ita ce: a wane mataki na haraji kake yau, kuma a wane mataki kake sa ran kasancewa ranar cirewa? Wanda ake karɓar kashi 30 cikin 100 daga saman albashinsa, idan ya saka dala 5,000 a RRSP, harajinsa zai ragu da 1,500, kuma idan ya cire bayan ya yi ritaya lokacin da samunsa ya yi ƙasa, ya ci riba ta gaske. Amma ɗalibi ko mai ƙaramin albashi rangwamensa kaɗan ne, kuma cirewar da zai yi a tsufa tana iya rage masa tallafin da gwamnati ke bai wa tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi, wanda cirewa daga TFSA ba ta shafa. A ganina, wanda bai daɗe da zuwa ba kuma albashinsa bai kai inda yake fata ba, ya fara da TFSA ya bar gurbin RRSP yana taruwa har samunsa ya ƙaru. Abu biyu ne kan sauya wannan shawara. Idan wurin aikinka yana ƙara maka kuɗi daidai da abin da ka saka a RRSP, ka karɓi wannan kafin komai, domin wani ɓangare ne na albashinka. Na biyu, mai 'ya'ya da yawa ya lura cewa tallafin yara na wata-wata ana auna shi ne da kuɗin shigar iyali, don haka sakawa a RRSP tana iya ƙara abin da ake ba shi.

RRSP ba wurin ajiye kuɗin ko-ta-kwana ba ne. Idan ka cire, banki zai riƙe kashi 10, ko 20, ko 30 cikin 100 gwargwadon yawan abin da ka cire, ban da lardin Kebek mai nasa tsarin, kuma gurbin ya tafi ke nan har abada. An dai yarda mai sayen gidan farko ya ari har dala 60,000 daga asusunsa ya mayar cikin shekara 15.

Wanda burinsa gida ne, FHSA da aka buɗe a watan Afrilun 2023 ya haɗa masa amfanin biyun, domin ana rage haraji ranar sakawa, kuma ba a biyan komai ranar cirewa idan gidan farko aka saya a Kanada. Iyakarsa dala 8,000 a shekara da 40,000 a tsawon rai, kuma gurbinsa ba ya fara taruwa sai ranar da aka buɗe asusun, shi ya sa ya dace a buɗe da wuri ko da babu abin sakawa mai yawa, tare da sanin cewa wa'adinsa shekara 15 ne. Idan ba a sayi gidan ba, ana iya mayar da kuɗin cikin RRSP. Sharaɗin buɗewa kuwa ya shafi mutanenmu kai tsaye: kada ya kasance ka zauna a gidan da kai ko matarka ko mijinki ya mallaka a wannan shekarar ko shekaru huɗu da suka gabace ta, kuma gidan da ke wajen Kanada ma yana cikin lissafi. Wanda ya bar gidan kansa a Kano ko Maraɗi shekara biyu da suka wuce sai ya jira.

Ga iyaye, RESP na karatun yara ne bayan sakandare, kuma ƙarfinsa yana cikin gudummawar gwamnati, wadda ke ƙara kashi 20 cikin 100 a kan dala 2,500 na farko a kowace shekara, wato 500, har jimillar ta kai 7,200 ga kowane yaro. Iyali mai ƙaramin ƙarfi yana iya samun wani tallafin da ya kai dala 2,000 ko bai saka ko sisi ba, muddin an buɗe asusun kuma yaron yana da lambar SIN. Ina ba da shawarar a buɗe na mutum ɗaya ko na iyali, a yi hattara da tsarin haɗaka da wasu dillalai ke tallatawa ga masu jego, domin yakan zo da kuɗin rajista mai nauyi da wajabcin biya kowane wata, kuma wanda ya fita da wuri yana iya rasa wani abu daga kuɗinsa.

Musulmin da ke gudun kuɗin ruwa ba shi da dalilin ƙaurace wa waɗannan asusai, tunda shi ne mai zaɓar abin da zai zuba a ciki. Abin da banki kan fara miƙo wa mutum shi ne ajiya mai ƙayyadadden ruwa irin ta GIC, amma yana da damar buɗe asusun da shi da kansa zai riƙa sayen hannun jari, kuma akwai kunshin jari da aka tace bisa ƙa'idojin shari'a, kamar wanda kamfanin Wealthsimple ke gudanarwa. A duba kuɗin kulawa da ake yanka duk shekara, domin bambancin kashi 1 cikin 100 yakan zama dukiya mai yawa bayan shekara 20. A kuma guji saye da sayarwa kullum a cikin TFSA, domin CRA tana iya ɗaukar hakan a matsayin sana'a ta yi wa ribar haraji.

Saura batun komawa gida, wanda da yawa daga cikinmu ke riƙe da shi a zuci. Wanda ya bar zama a Kanada yana iya barin TFSA ɗinsa a buɗe ya cire lokacin da ya so, amma gurbinsa ya daina ƙaruwa, kuma duk abin da ya saka yana waje za a ci shi tarar kashi 1 cikin 100 a wata. Cirewa daga RRSP kuwa ana riƙe kashi 25 cikin 100, sai dai idan yarjejeniyar haraji tsakanin Kanada da ƙasar da ya koma ta rage shi. Haka kuma fom ɗin buɗe asusu yakan nemi a rubuta wanda zai karɓi kuɗin idan rai ya yi halinsa, kuma a yawancin larduna wanda aka rubuta yana karɓa ne kai tsaye ba tare da kuɗin ya shiga cikin dukiyar da za a raba ba. Wanda yake son a raba gadonsa bisa shari'a ya zauna da lauya da malami kafin ya cike wannan layi, ya kuma tambayi lauyan yadda harajin RRSP zai kasance, domin ana lissafa duk abin da ke ciki a harajin ƙarshe na mamaci idan ba ga mata ko miji ko wani ɗa da ke ƙarƙashin kulawarsa aka mayar da shi ba.