Yadda ake saita santar baya a injin juya katako

Masu koyon tonin ƙafar tebur da sandunan bene, yawanci hankalinku na kan cizal ne, amma wallahi rabin aikin yana can wurin santar baya, tsinken nan da ke tokare katako daga ɗaya ƙarshen. In bata zauna daidai ba katako zai ta rawa, in an yi rashin sa'a ya fizge ya yo kanka.

Iri biyu ne. Akwai mai boris a ciki wadda ke juyawa tare da katakon, akwai kuma tsayayya da bata motsi, ita dole ka goga mata kyandir ko ɗan giris a baki, in ba haka ba zafi zai ƙona wurin har kaga hayaƙi, ramin ya buɗe aikin ya sake. Ni dai in da hali ka sayi mai boris kawai ka huta. Ka duba lambar gindinta kafin ka biya kuɗi, wato lambar girman ɓangaren da ke shiga ramin injin, wasu ƙananan injuna MT1 ne, yawancin sauran MT2, ɗaya bata zama a ramin ɗaya.

Kafin ka ɗora komai ka goge ramin da santar ke shiga da tsumma, ƙurar katako kaɗan ta isa ta karkatar da ita. Sai ka turo ta gaba har bakinta ya kusa taɓa bakin santar gaba, ka ga ko sun kalli juna daidai. Ja layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa a ƙarshen katakon, inda suka haɗu nan ne tsakiya, ka ɗan huda da ƙusa.

Yanzu wurin da mutane ke ɓata aiki, matsewa. Ka kulle gindin ƙarfen da ke riƙe da santar a kan gadon injin tukuna, sannan ka murɗa hannun a hankali har katakon ya daina lilo, kar ka ce sai ka ƙure ƙarfinka, matsi mai yawa yana cin boris kuma siririn katako lanƙwasa yake yi a tsakiya. Kar ka bari sandar da santar ke ciki ta fito da tsawo sosai, gara ka matso da gindin gaba ɗaya. Malaina irin wadda ake samu a kasuwar Katako nan Jos tana da taushi, tsinke mai tsini zalla nutsewa yake yi ciki ya tsaga ta, balle lokacin hunturu da itace ya bushe ƙayau, to ita ka sa mata santa mai zobe kewaye da tsinin. Maɗaci da ƙirya sun fi jurewa.

Juya da hannu ka ga bai bugi komai ba, ka kunna a ƙaramin gudu kana tsaye gefe. Bayan ƴan mintuna ka kashe ka ƙara murɗawa kaɗan don ramin jikin katakon yana faɗaɗa. Ko akushi kake yi da ya kamu ta gaba, bar santar a jiki har sai ka zo rarake cikin.