Yadda ake ƙetarawa da kare daga Ingila zuwa Turai a mota ko jirgin ruwa

Tafiya da kare zuwa wata ƙasa ba wai wahala ce da ita sosai ba, abin da take buƙata shi ne lissafin kwanaki, kuma a yi komai bi da bi. Yawancin waɗanda ake mayarwa gida daga tashar jirgin ruwa karensu lafiyarsa ƙalau, kawai dai wata allura ce aka yi ta kafin lokacinta ko wani magani da aka ba shi awannin ba su cika ba. Toh saboda haka kafin ka sayi tikiti ɗauko kalanda, ka sa alama a ranar tafiya, sai ka riƙa ƙirgowa baya.

Mataki na farko: maikirocip

Wani ɗan ƙaramin abu ne kamar ƙwayar shinkafa da likitan dabbobi yake sakawa ƙarƙashin fatar kare wajen dokin wuya, yana ɗauke da lamba mai alƙaluma 15, ita ce shaidar cewa wannan karen shi ne na jikin takarda. Abin kiyayewa a nan ɗaya ne, dole a sa shi kafin allurar haukan kare ko kuma rana ɗaya da ita. In aka fara yin allura sannan daga baya aka sa cip, allurar nan ba ta shiga lissafi, sai an sake. Kuma duk sanda ka je wajen likita ka ce masa don Allah ya ɗora na'ura ya karanta lambar a gabanka, don wani lokaci cip ɗin yana ɗan gusawa daga inda aka sa shi, gara ka san inda yake tun yanzu.

Mataki na biyu: allurar haukan kare

Sai kare ya kai sati 12 da haihuwa ake masa ita, bayan an yi kuma sai an jira kwana 21 cif kafin ya ƙetara, ranar da aka yi allurar ba ta cikin ƙirge. Ka ga kenan ɗan kwikwiyon da bai kai sati 15 ba babu inda za shi. In karenka ya daɗe da yin allurar kuma ana sabunta ta a kan kari ba sai ka jira ba, amma in ka bari wa'adin ya wuce ko da kwana kaɗan ne, an koma farko, kwana 21 ɗin nan sai ka sake jiransu.

Wanda kuma karensa ya fito daga ƙasar da Tarayyar Turai ba ta sa a jerin ƙasashen da ta amince da su ba, nasa ya fi tsawo. Ana ɗibar jinin karen aƙalla kwana 30 bayan allura a kai ɗakin gwajin da suka yarda da shi, in sakamako ya yi kyau sai a ƙara jiran wata 3 daga ranar da aka ɗebi jinin. Wannan ba shirin sati biyu ba ne gaskiya.

Mataki na uku: takardar lafiyar dabba

A da fasfon dabba da aka yi a Birtaniya ya wadatar, amma tun 1 ga Janairun 2021 bayan fitarsu daga Tarayyar Turai aka daina karɓarsa, aka koma satifiket na lafiyar dabba. Ba kowane likitan dabbobi ne yake iya sa hannu a kai ba, sai wanda gwamnati ta ba wa izini, shi ya sa nake cewa ka kira asibitin da wuri ka tambaya ko suna da shi, musamman lokacin hutun bazara da kowa ke son fita. Dole a cike takardar cikin kwana 10 kafin ranar da za ka shiga Turai, kuma kowace sabuwar fita daga Birtaniya sabuwar takarda take buƙata, kuɗinta kuma ba kaɗan ba ne, ya danganta da asibiti.

Kar ka bar wajen likitan sai ka zauna ka bi takardar layi layi. Lambar cip, ranar allura, sunanka yadda yake a fasfo, ƙasar da za ka fara shiga. Alƙalami ɗaya ya kuskure a lambar cip, shikenan ma'aikacin boda ba ruwansa da bayaninka.

Ka kuma bincika ko ƙasar tana karɓar irin karenka. Faransa ta hana shigo da karnuka irin fitbul, rotwaila kuma sai da takunkumi da igiya a cikin jama'a, Denmak ma tana da nata jerin nau'ukan da ta haramta.

Mataki na huɗu: zaɓen hanya

A nan halin karenka ya kamata ya yanke hukunci, ba arhar tikiti ba. In kare ne mai tsoro ko wanda ba ya jure zaman kaɗaici, ni dai a ganina jirgin ƙasa na ƙarƙashin teku mai ɗaukar motoci, wato LeShuttle daga Folkestone a Ingila zuwa Kale a Faransa, ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba, minti 35 ne kuma kana zaune tare da shi a cikin motarka har a isa. Kar a rikita shi da Eurostar na fasinja, shi ba ya ɗaukar kare sai mai yi wa nakasassu jagora.

Jirgin ruwa daga Doba zuwa Kale kamar awa ɗaya da rabi ne. A mafi yawan lokuta kare a mota yake zama a ƙasan jirgi kai kana sama, kuma da zarar an tashi ba a barin kowa ya sauka wajen motoci, ko da yake wasu jiragen yanzu sun ware falo na masu dabbobi, sai ka kama wuri tun wajen sayen tikiti. Dogayen hanyoyi kuwa irin na Fotsmos zuwa Santanda ko Bilbao a Sifaniya da ake kwana a ruwa, akwai ɗakunan kwana da ake shiga da kare, akwai kuma keji, sai dai ɗakunan kaɗan ne suna ƙarewa watanni kafin lokaci. Ana neman takunkumi in za ka ratsa da shi cikin jirgi, toh ka fara saba masa da shi a gida kaɗan kaɗan kana ba shi ɗan abin daɗi, kar ya zama ranar tafiya ce zai fara ganinsa. Ko wace hanya ka bi sai ka sa karen a cikin tikitinka tun wajen saye, ba a zuwa da shi haka kawai.

Mataki na biyar: ranar tafiya

Ka ba shi abinci kaɗan awanni kafin a tashi don kar ya yi amai, ruwa kuwa kar ka hana shi. Ka zaga da shi sosai ya yi fitsari da kashi ya ɗan gaji kafin ku shiga layi. A cikin mota dole ya kasance a ɗaure, ko da bel na karnuka ko cikin keji ko bayan raga, dokar hanya ta Birtaniya ma ta faɗi haka a ƙa'ida ta 57, don in aka taka birki da ƙarfi karen da ke sake zai ji ciwo ya kuma ji wa na gaba.

In za ka bar shi a mota cikin jirgi ka ɗan sauke gilashi iska ta shiga, ka ajiye masa ruwa a kwanon da ba ya kifewa da bargon da ya saba da ƙamshinsa, ka kuma kashe alam ɗin mota, saboda motsin jirgi na tayar da shi ya yi ta ihu a kunnen kare har a isa. Zafi shi ne babban abin tsoro wallahi, kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, masu gajeren hanci irin buldog da fug kuma sun fi kowa shiga haɗari. In lokacin zafi ne ka zaɓi jirgin asuba ko na dare. Maganin barci kuwa kar ka ba shi da kanka sai likita ya ce.

Akwai wani abu da mutane ke mantawa, ba a shiga Tarayyar Turai da nama ko madara daga Birtaniya, abincin kare mai nama ma yana ciki, sai dai na musamman da yake ci saboda rashin lafiya wanda bai wuce kilo 2 ba. Ka duba ko ana sayar da irin nasa a can. In kudancin Turai za ka, ka yi wa likita maganar kaska da ƙudan yashi mai kawo cutar lishmaniya, akwai kwala da maganin ɗigawa da ake fara amfani da su tun kafin a tafi.

Mataki na shida: dawowa

Nan ne lissafin awa ya fi tsanani. Kafin kare ya sake shiga Birtaniya sai likitan dabbobi ya ba shi maganin tsila, mai sinadarin farazikwantel, tsakanin awa 24 zuwa awa 120 kafin isowa, wato kwana 1 zuwa 5. Likita ne zai ba shi, ya rubuta sunan maganin da rana da ainihin lokaci ya buga hatimi. Dalili shi ne wata ƙaramar tsila da ke jikin yanyawa a sassan Turai wadda take kama hantar mutum, Birtaniya ba ta da ita kuma ba ta so ta shigo. Ailan, Finlan, Malta da Norwe su ma haka suke nema in can ka nufa kai tsaye, in kuma daga can kake dawowa kai tsaye ba a buƙata.

Ka nemi likitan tun kana isa ka kama lokaci, ka tuna yawancinsu ba sa buɗewa ran Lahadi. Kar ka matse lissafin a bakin awa 120, in jirgi ya yi latti ko aka soke shi wa'adin zai fita, sai ka sake magani ka sake jiran awa 24, ka nufi tsakiya kamar kwana biyu ko uku kafin tashi. A tashar LeShuttle ta Kale akwai wurin duba dabbobi da za ka fara tsayawa kafin ka shiga layin motoci, za su karanta cip su haɗa da takarda, don haka ka iso da wuri kuma takardun na asali su kasance a hannunka ba a ƙasan kaya cikin but ba.