Yadda Ake Auna Ma'anar Rayuwa a Tsakanin Al'ummomin Kaduna

Ɗalibin Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) ko ma'aikacin ƙungiya da ke son sanin ko mutane na ganin rayuwarsu na da ma'ana, ya samu wurin aiki a Kaduna. Bahaushe, Bagwari, Bafulatani, Bajju, Atyap, Bayarabe da Ibo duk motar haya ɗaya suke shiga. Wahalar ita ce tabbatar da cewa abu ɗaya aka tambayi kowa.

Da farko ka ajiye takardar tambayoyi, ka fita da kunnenka. Nemi mutane kaɗan a Rigasa, Kawo, Kakuri da Sabon Tasha ka ce, "Baba, me ke sa ka ji zamanka a duniya na da amfani?" Ka yi shiru, ka rubuta yadda ya faɗa. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta yi irin wannan buɗaɗɗiyar tambaya a 2021 a ƙasashe 17 masu arziki. Iyali ne ya zo kan gaba a mafi yawansu, amma a Koriya ta Kudu wadatar abin hannu ce. Kada ka zaci ka san amsar unguwar da ba taka ba.

Sannan ka zaɓi ma'auni. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne MLQ, wato jerin tambayoyin Turanci kan ma'anar rayuwa, na Michael Steger da abokan aikinsa, na 2006. Jimloli 10 ne, ana ba kowace maki daga 1 zuwa 7. Biyar na auna ko mutum ya riga ya samu ma'ana, biyar kuma ko yana kan nema. Kowane kashi a tara makinsa daban.

Fassara kuwa mutum biyu take so. Ɗaya ya mayar Hausa, wani da bai ga asalin ba ya mayar da Hausar Turanci, sai a gwama. Inda suka saɓa, a zauna a gyara. Haka za a yi wa duk harshen da za a yi aiki da shi.

Matakin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne gwaji, kuma a nan aikin yake. Karanta wa mutum jimla, ka ce ya faɗa maka abin da ya fahimta da bakinsa. A cikin MLQ akwai jimla ɗaya da aka juya, mai cewa rayuwar mutum ba ta da wata manufa bayyananniya. Karanta wa dattijo a Tudun Wada ka gani: zai yi a'uzubillahi, don ya san an halicce shi ne domin bauta. Matar da ta fito daga coci a Barnawa ma ba za ta yarda da jimlar ba. To imaninsu ka auna, ko yadda suke ji a ransu bayan shekaru babu aiki tun rufe masaƙun Kakuri? Batun "nema" ma haka ne, wani zai ɗauka kana zarginsa da raunin imani. Steger kansa ya gano cewa a Amurka mai yawan nema yakan kasance mai ƙarancin jin ma'ana, a Japan kuwa biyun na tafiya tare. A ganina, gara ka ƙara tambayoyi na kusa, kamar ko yana jin akwai masu buƙatarsa.

Ranar fita, fara da gaida mai unguwa. Mace ce za ta shiga wurin mata. Kada a tambayi kowa a majalisa ko gaban miji, don "alhamdulillahi" kawai za ka kwaso. Wanda ba ya karatu, jera masa marafan kwalba bakwai a kan tabarma ya nuna inda yake. Ka gaya masa ba za a rubuta sunansa ba, kuma ba rabon tallafi ba ne, in ba haka ba kowa zai zama abin tausayi.

Wajen lissafi, juya makin jimlar nan ta rashin manufa kafin ka tara, wato 7 ya koma 1, 6 ya koma 2, haka dai. Duba ko amsoshin jimlolin na tafiya tare a kowane rukunin al'umma, da kuma ko wani rukuni na cika zaɓar 7 a komai. Rubuta addini, shekaru da samun kowa: binciken masana Oishi da Diener kan ƙasashe 132 ya nuna mazauna ƙasashe matalauta sun fi cewa rayuwarsu na da ma'ana, kuma riƙon addini ne babban dalili. In ba ka ware waɗannan ba, za ka jingina wa ƙabila bambancin da ba nata ba, kuma a Kaduna irin wannan rahoto na iya tayar da ƙura.