Yadda ake gane ko baƙin mai ya daskare a injin tsohuwar motar iyali

Motar iyali mai kujeru bakwai, wadda ake kai yara makaranta da ita a dawo, a sake fita ɗan sayayya a dawo, tana cikin motocin da baƙin mai ya fi saurin lalacewa a cikinsu, ko da kuwa mai ita yana ganin lallaɓa ta yake yi. Duk lokacin da fetur ya ƙone a cikin silinda, tururin ruwa da ragowar fetur da baƙin hayaƙi suna zurarewa ta gefen ringi, wato zobban da ke jikin fistin, su gangara cikin baƙin mai, kuma ruwan nan ba ya fita sai man ya yi zafin da ya kusa digiri 100 a ma'aunin Salsiyos, ya kuma jima a haka. Idan kullum tafiyar minti biyar ce ko goma, ruwan yana nan yana cakuɗuwa da datti da tsohon mai, har su zama wata baƙar laka mai kama da giris, wadda daga baya take bushewa ta koma kamar kwalta. Zafin da ya wuce kima shi ma yana kawo ta, domin dafa man da ya wuce lokacin juye yake yi.

Bincike yana farawa ne tun kafin a ɗaga bonet. A nemi sanin yaushe aka yi juye na ƙarshe, da irin man da aka zuba, da ko an canza filta tare da shi. Littafin mota yakan kawo tsarin sabis iri biyu, na tuƙin yau da kullum da na tuƙi mai wahala, kuma mutane da yawa ba su lura da cewa gajeriyar tafiya da yawan tsayuwa a cunkoso suna cikin na biyun ba, inda tazarar juye a tsofaffin motoci takan kasance tsakanin kilomita 5,000 da 8,000. Irin injin ma abin dubawa ne. Toyota Sienna ƙirar 1998 zuwa 2002, mai injin V6 na lita 3.0 da ake kira 1MZ-FE, ta yi suna da wannan matsala, har a shekarar 2002 kamfanin ya sanar a Amurka cewa zai ɗauki nauyin gyaran na tsawon shekara takwas daga ranar da aka fara sayar da motar. Wannan ba hujja ba ce cewa kowace irinta ta kamu, dalili ne kawai na ƙara sa ido.

Idan inji ya huce, a buɗe murfin da ake zuba baƙin mai a juya shi a duba cikinsa, sannan a haska ramin da tocila. Launin ruwan zuma ko ruwan ƙasa a jikin ƙarfe tabon tsohon mai ne, ba abin tayar da hankali ba. Baƙin abu mai kauri da ke manne wa yatsa shi ne ake nema. Sai dai a nan mutane da dama suke yin gaggawar yanke hukunci, domin a wasu injuna, har da 1MZ-FE ɗin, akwai wani ɗan faranti a ƙarƙashin ramin wanda ke tara busasshen datti ko da sauran injin yana da tsabta, kuma yana tare ido daga ganin abin da ke ciki. Haka nan farin kumfa mai yauƙi a ƙarƙashin murfi yana iya zama raɓar gajeriyar tafiya kawai, wadda za ta ɓace bayan tafiyar awa guda a babbar hanya. Amma idan farin ya bayyana a jikin geji, wato sandar da ake duba yawan baƙin mai da ita, ruwan lagireto kuma yana raguwa ba tare da an ga inda yake zuba ba, to zargi ya koma kan gasket ɗin tof silinda, kuma ruwan da ke shiga mai ta nan yana haɗa laka cikin ɗan lokaci.

Daga nan sai a tayar da mota a kasa kunne. Ƙarar ƙas-ƙas daga saman inji da ta wuce 'yan daƙiƙu tana nuna mai yana jinkirin hawa sama. Shuɗin hayaƙi daga salansa a tashin farko na safiya yana iya faruwa idan ramukan da mai ke bi ya koma ƙasa sun toshe, sai ya kwanta a saman inji ya riƙa tsiyaya ta gefen bawul cikin dare. A lura da allurar zafi: idan ba ta kai tsakiya ba bayan doguwar tafiya, ƙila tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har inji ya yi zafi, ya maƙale a buɗe ko an cire shi, kuma injin da ba ya ɗaukar zafi gidan laka ne. Akwai kuma ɗan ƙaramin bawul da ake kira PCV a kan murfin saman inji, wanda ke zuƙe tururi daga ciki. A cire shi a girgiza. Mai lafiya yakan yi ƙara, wanda ya toshe kuwa shiru za a ji. A injuna masu tsarin sauya lokacin buɗe bawul, na'urar duba kwamfutar mota tana iya nuna lambar matsala irin su P0011 ko P0012, domin tsarin da ƙarfin mai yake aiki, ta cikin hanyoyi sirara.

Jar fitilar baƙin mai da ke kan allo ba ma'auni ba ce, ba ta kamawa sai ƙarfin mai ya faɗi ƙasa ƙwarai, don haka idan ta fara ƙyaftawa a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, bayan inji ya yi zafi, a kashe motar nan take. Abin da ke faɗin gaskiya shi ne agogon auna ƙarfin mai, wanda bakanike zai ɗaura a gurbin na'urar da ke kunna fitilar. A karanta shi inji na sanyi, a sake karantawa bayan ya yi zafi sosai, a silo da kuma a juyi 3,000 a minti ɗaya, a kwatanta da adadin da ke littafin gyaran motar. Tsohuwar ƙa'idar makanikai ita ce a samu kamar psi 10, wato ma'aunin da ke kan agogon, a kowane juyi 1,000. Yadda allurar ke motsi ya fi adadin kansa bayani. Idan ƙarfin ya yi ƙasa a silo amma yana hawa daidai da taka totur, yawanci metal, wato siraran ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, ne ya cinye ko famfon mai ya gaji. Idan kuwa ya yi kyau da farko, sannan ya fara rawa ko sauka yayin da aka ƙara wuta ko aka daɗe ana tafiya, to rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta ce ta fara toshewa.

Tabbaci ba ya samuwa sai an gani da ido. A irin waɗannan motoci injin V6, mai layin silinda biyu, a kwance yake a gicciye, murfin saman ɓangaren gaba yana fita cikin sauƙi, na baya kuwa yakan ɓuya ƙarƙashin bututun shigar iska, saboda haka da na gaba ake farawa, da sabon gasket a hannu. Idan ana ganin kawunan notuna da siffar kowane ƙarfe, ramukan komawar mai kuma a buɗe suke, matsalar ba ta yi nisa ba. Idan laka ta binne notunan har sai an tona da sukundireba kafin a gan su, a kwance kaskon mai na ƙasa a duba rariyar, domin can ne rayuwar injin take. A yanka tsohuwar filta kuma a warware takardar cikinta a rana, amma ba da zarto ba, don kada garin ƙarfen zarton ya rikita abin da ake nema. Ɓarɓashi mai ƙyalli, musamman mai launin jan ƙarfe, yana nufin metal ya riga ya ji rauni, kuma wankewa kaɗai ba za ta dawo da shi ba.

A ganina, kuskure mafi tsada shi ne zuba maganin wanke inji a injin da ba a duba cikinsa ba. Maganin yana ɓamɓaro laka gunduwa-gunduwa, su gangara su liƙe rariyar, injin da ke lallaɓawa jiya ya buga yau. Inda lakar ba ta da yawa kuma ƙarfin mai ya cika, ya fi aminci a canza PCV da tamostat idan sun lalace, a zuba mai mai kyau na kaurin da littafi ya faɗa, a yi juye da sabuwar filta sau biyu ko uku a jere bayan kowace kilomita 1,500, ana yanka kowace filta don a ga ko dattin na raguwa. Inda ta yi kauri, da hannu ake kankare ta, bayan an toshe ramukan komawar mai da tsumma mai tsabta, a ƙirga tsummokaran lokacin sakawa, a sake ƙirga su kafin a mayar da murfi.