Yadda Za A Gano Manhajar Da Ke Sa Kwamfuta Nauyi

Duk mai shagon buga takardu a garuruwa irin su Ringim ko Gwarzo ya san yadda kwamfuta ke nauyi ranar kasuwa, lokacin da aka buɗe Word da Chrome ga kuma firinta tana aiki. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, kowace ƙwayar sarrafawa da ke cikin processor, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, aiki ɗaya take yi a lokaci guda, sai Windows ya riƙa yanka wa kowace manhaja ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kamar mai shayin da ke zuba wa wannan, ya juya ƙwan wancan, ya dawo.

Idan nauyin ya zo, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, wato tagar da ke nuna manhajojin da ke aiki da abin da kowacce ke ci. A duba layin Memory tukuna, wato RAM, ma'ajiyar wucin gadi da manhajoji ke amfani da ita yayin da suke aiki, domin a injin da ke da RAM mai gigabait 4, galibi nan matsalar take: idan ta cika, Windows kan kwashe wasu bayanai zuwa faifan ajiya, wanda ya fi ta jinkiri nesa ba kusa ba. A zaɓi manhajar da ta fi cin wuri, a danna End task, amma a tabbatar an adana takardar da ake aiki a kanta kafin nan.