Yadda ake shirya tsokar nono don gwajin zaruruwan ƙwaya

Kowace ƙwayar halitta tana da zaruruwan furotin da ke riƙe siffarta, kamar yadda azara ke riƙe rufin soro. Sankarar mama tana sauya su, sauyin ne likitan ɗakin gwaji yake karantawa. Sai dai tun a ɗakin tiyata ake gyara sakamakon ko a ɓata shi.

Da an cire tsokar, a tsoma ta cikin fomalin (ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa) mai kashi 10 cikin ɗari, wanda aka daidaita tsaminsa, kafin awa 1 ta cika. Fomalin ya ninka tsokar aƙalla sau 10. In nonon ne ɗungurungum, a tsattsaga shi da tazarar milimita 5 zuwa 10, don fomalin a hankali yake ratsa nama. In ba a tsattsaga ba, sai gefe ya kamu, tsakiya ta ruɓe. Da bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ruɓewar ba ta jira. Ruwan gishiri ba ya maye gurbin fomalin. Samfurin da za a kawo daga Isa ko Tambuwal, a rubuta a jikin robarsa lokacin da aka tsoma shi, domin zamansa a ciki awa 6 ne zuwa 72.

A ɗakin gwaji, a yanka tsokar da kaurin maikiron 4 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Antibodi kuwa, wato sinadarin da ke manne wa furotin ɗin da ake nema don rini ya nuna shi, firji yake so, digiri 2 zuwa 8. In wuta ta daɗe ba ta dawo ba, a gwada shi kan tsokar da aka san sakamakonta tukuna.

Wajen karatu, babbar tambaya ita ce: cutar tana cikin bututun nono ko ta ɓalle? Antibodin furotin biyu, kalfonin da SMA, suna rina ƙwayoyin da suka kewaye bututun kamar zobe. In zoben yana nan, ba ta fita ba. In babu, galibi ta ɓalle. Amma SMA yana da tarko: yakan rina bangon jijiyoyin jini da wasu ƙwayoyin tabo, mai gaggawa ya ɗauka zobe ne. A haɗa da antibodin furotin p63, mai rina tsakiyar ƙwaya kawai.

CK5/6, wani furotin na zaruruwan, yakan bayyana a nau'in sankarar da ba shi da ER, PR da HER2, wato furotin uku da ake dubawa wajen zaɓen magani. Tirofomayosin da jelsolin, furotin masu aiki tare da zaruruwan, da ake ganin suna raguwa a sankarar, har yanzu na masu bincike ne. Ba a zaɓa wa mara lafiya magani da su.