Yadda Ake Kwatanta Allunan Kwamfuta Don Gane Mai Launi na Gaskiya

Ido yakan karkata ga allon da ya fi ƙyalli, alhali ƙyalli daban, daidaiton launi daban. Saboda haka matakin farko shi ne a daidaita allunan biyu da za a kwatanta: a ajiye su a ɗaki ɗaya, a bar su a kunne na rabin sa'a, a kashe saitin da ke zuzuta launi, sannan a sa haskensu ya zo ɗaya, wajen nit 120 (nit ma'aunin ƙarfin haske ne), farinsu kuma a kan 6500K, wato fari irin na hasken rana.

Daga nan sai gwajin baƙi, wanda a ganina shi ya fi tona asirin allo. A kashe fitilar ɗaki, a buɗe hoton dare mai jinjirin wata a gefe. Allon IPS, wani nau'in allon LCD, yana da fitila a bayansa da ke ci kullum, don haka daren yakan fito toka-toka, kuma tazarar farinsa da baƙinsa ba ta cika wuce 1000:1 ba, yayin da VA, wanda shi ma nau'in LCD ne, yakan kai 3000:1. A OLED kuwa kowane ɗigo shi ke samar da haskensa, idan aka zo wurin baƙi sai ya mutu ɗungum, watan ya tsaya shi kaɗai cikin duhu. Mini-LED, wato LCD mai ƙananan fitilu da yawa a baya, yana rage fitilar baya ne shiyya-shiyya, shi ya sa ake ganin ɗan hazo ya kewaye watan. Kada suna ya ruɗi mai saye: QLED ma LCD ne mai fitila a baya. Sai dai OLED na iya riƙe tabon hoton da ya daɗe a wuri ɗaya.

Mataki na uku, a buɗe hoton fuskar mutum, domin ido ya san launin fata sosai, kuma da ja ya yi yawa zai gane nan take. A matsa gefe, a kuma duba daga ƙasa. TN, wani nau'in LCD ɗin, yakan dushe ko ya yi duhu, VA ya ɗan koɗe, IPS kuwa ya riƙe launinsa.

Sai a duba hoton sararin sama lokacin faɗuwar rana. Allo mai bit 8 (bit shi ke nuna yawan matakan launi) yana nuna launuka miliyan 16.7, mai bit 10 fiye da biliyan ɗaya, kuma idan aka ga layi-layi a maimakon launi ya narke a hankali, to allon ya gaza.

A ƙarshe a koma ga alƙaluma. Ma'aunin faɗin launuka na sRGB, wanda HP da Microsoft suka fitar a 1996, shi ne na yawancin hotunan intanet, kuma a nemi allon da ya cika aƙalla kashi 99 cikin ɗari nasa. Mai aikin bidiyo ya duba ma'aunin DCI-P3, wanda ya fi sRGB faɗi. Delta E shi ke auna kuskuren launi, kuma ƙasa da 2 ya wadatar ga mai gyaran hoto. Wanda aikinsa ya dogara da launi ya tabbatar da wannan adadi da na'urar auna launi da ake ɗorawa a kan allon, ya kuma riƙa maimaita awon, domin launin allo yana sauyawa idan ya kwana biyu.